Google Docs a aikin rukuni na darasin rubutu: bita domin ɗalibai da malamai a Accra

Ɗalibin da ya shiga Jami'ar Ghana da ke Legon ba ya tsallake darasin rubutun ilimi: UGRC 110 a shekarar farko, UGRC 210 a ta biyu, duka a hannun Cibiyar Harsuna ta jami'ar. Sauran manyan makarantun Accra ma suna da makamancinsa da wani suna. A irin waɗannan darussa, ko ba jima ko ba daɗe, malami zai raba aji rukuni-rukuni ya ce a kawo masa maƙala guda a kan maki guda. Abin da ke biyo baya duk wanda ya taɓa koyar da rubutu ya san shi. A buɗe zauren WhatsApp, a yanka aikin kamar naman layya, wannan ya ɗauki gabatarwa, wancan tsakiya, waccan kammalawa, kowa ya kama gabansa. Daren da za a miƙa, mai laftof a cikinsu ya tattara guntayen ya manna. Riga ce ke fitowa mai faci huɗu, kowane faci da launinsa: gabatarwa ta yi alkawarin hujja uku, tsakiya ta kawo biyu, kammalawa kuma tana can tana magana a kan wani batu dabam.

Ma'aunin da muka ɗora Google Docs, manhajar rubutu ta intanet, a kai guda ne. Shin tana taimaka wa ɗalibai huɗu, ɗaya a Nima, ɗaya a Madina, ɗaya a Fadama, ɗaya a ɗakin kwanan jami'a, su yi rubutu tare har kowannensu ya ƙaru? Tana taimakawa ƙwarai, kuma cikin hanyoyin kyauta da ke hannun ɗalibi ita muka fi ba da shawara a kanta. Amma sai an saita ta daidai tun ranar farko. Idan aka bar ta yadda ta zo, iyakar abin da za ta yi shi ne ta sauƙaƙa wa mai manna faci aikinsa.

Ya kamata a tuna abin da ya sa ake haɗa ɗalibai a darasin rubutu tun asali. A shekarun 1970, a Kwalejin Brooklyn ta birnin New York a Amurka, wani malamin Turanci mai suna Kenneth Bruffee ya lura cewa ɗaliban da rubutu ke ba wuya suna gudun taimakon malamai amma suna sakin jiki da 'yan'uwansu, sai ya fara horar da ɗalibai su riƙa duba rubutun juna. Hujjarsa, wadda ya shimfiɗa a wata maƙala ta 1984, ita ce rubutu zance ne da aka mayar kan takarda. Wanda bai saba jin mai karatu ya tare shi da "ban gane ba" ba, ba zai hango wannan tambayar ba ranar da ya zauna shi kaɗai da alƙalami. Don haka abin nema a manhaja shi ne wurin da wannan zancen zai zauna daf da rubutun, kowa yana gani. A nan ƙarfin Google Docs yake.

Maganar kuɗi gajera ce: ba a biyan ko pesewa. Adireshin Gmail kawai ake bukata, kuma kusan duk mai wayar Android yana da shi ko da ya manta kalmar sirrinsa. Manhajar ta samo asali ne daga wata mai suna Writely da Google ya saya a 2006. Tana adana kowane harafi da kanta yayin da ake bugawa, mutum ɗari na iya aiki a takarda ɗaya a lokaci guda, kuma rubutu zalla ba ya cin data kamar bidiyo ko kiran hoto.

Kuskure na farko a wajen rabawa ake yin sa. Mutum ɗaya ya buɗe takarda, ya danna maɓallin Share, sai ya zaɓi hanya mai sauƙi: duk mai linki ya shiga ya gyara, ya jefa linkin a WhatsApp. Kada a yi haka. Wanda ya shigo ta linki ba tare da an gayyace shi da adireshinsa ba yakan bayyana da sunan wata dabba a saman allo, kuma idan bai shiga da asusunsa ba, abin da ya rubuta ba zai ɗauki sunansa ba. Bayan haka linkin na iya fita daga zauren ya faɗa hannun wani rukuni mai batu iri ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta adireshin imel na kowane ɗan rukuni ɗaya bayan ɗaya. Izini mataki uku ne: mai kallo kawai, mai tsokaci, da mai gyara. 'Yan rukuni duka masu gyara ne. Abokin da aka roƙa ya karanta daga waje, mai tsokaci. Malami kuwa a ba shi izinin gyara, saboda wani dalili da za mu zo kansa.

A saman dama akwai alamar fensir. Idan aka danna ta aka zaɓi Suggesting, duk abin da mutum ya goge ba ya ɓacewa, layi ne ke ratsa shi, abin da ya ƙara kuma ya fito da launi, da sunansa a gefe, har sai an karɓa ko an ƙi. Dokar da za ta tsare zumuncin rukuni ita ce: a ɓangarenka rubuta kai tsaye, a ɓangaren wani kuwa shawara kawai, kuma mai ɓangaren ne kaɗai ke karɓa ko ƙi. Rigimar da ta fi watsa rukuni ita ce mutum ya kwana yana gina sakin layi, da safe ya tarar wani mai ganin ya fi shi Turanci ya sake shi gaba ɗaya. Ko da sabon ya fi kyau, mai asalin rubutun bai koyi komai ba, sai dai ya koyi yin shiru.

Tsokaci shi ne zuciyar al'amarin, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana zaɓar jimla, a danna Ctrl+Alt+M a kwamfuta, ko alamar ƙara tsokaci a waya, sai akwati ya buɗe a gefe manne da wannan jimlar. Idan aka sa alamar @ da adireshin mutum, saƙo zai je masa, har ana iya ɗora masa aikin da sunansa. Kayan aikin ba su da aibi. Matsalar tana ga abin da ake rubutawa a ciki. Ɗalibai da yawa abu biyu kawai suka sani: "ya yi kyau", ko farautar waƙafi da kuskuren haruffa. Na farko ba ya gyara komai. Na biyu kuma shafa fenti ne a bangon da wataƙila gobe za a rushe shi, domin sakin layin da aka ɓata minti ashirin ana gyara nahawunsa na iya zama wanda bai kamata ya kasance a maƙalar ba sam.

Tsarin da ke aiki a zagayen farko tsokaci uku ne daga kowane mai karatu, kuma babu maganar nahawu a ciki. Na ɗaya, a ƙarshen ɓangaren, ya faɗa a jimla guda abin da ya fahimci marubucin na son cewa. Na biyu, ya sa alama a daidai inda ya ɓace. Na uku, tambaya guda da rubutun ya tayar bai amsa ba. A ce maƙalar a kan ambaliyar ruwa ce a Accra, ɗaya ya rubuta cewa zubar da shara a magudana shi ne sanadi, sai kwatsam sakin layi na gaba ya koma kan gine-gine a hanyar ruwa. Tsokaci mai amfani zai yi kama da haka: "Yaya, har zuwa nan ina biye da kai a kan shara da rafin Odaw. Daga wannan jimlar na ɓace. Gine-ginen sanadi na biyu ne, ko kana cewa su ne babban sanadin, shara ta biyo baya?" Wannan tambayar ba ta gaya wa marubucin abin da zai rubuta ba. Ta nuna masa ramin, ta bar masa cikewa. Idan kuma mutum uku suka faɗi abin da suka fahimta, aka sami amsa uku mabambanta, ba sai an yi gardama ba, marubucin ya gani da idonsa cewa bai faɗi abin da yake zaton ya faɗa ba.

A nan akwai wani amfani da ya shafe mu musamman, mu 'yan Zango. Rukuni kan haɗa yarinya 'yar shekara goma sha tara da magidanci da ya dawo karatu bayan shekaru yana aiki, wani lokaci ma malamin makarantar allo ne a unguwarsu. Ido da ido ba za ta ce masa hujjarsa ba ta tsaya ba, tarbiyya ba ta ba ta wannan ba. A akwatin tsokaci kuwa tana da lokacin zaɓar kalma: "Malam, a gafarce ni, wannan adadin daga ina aka samo shi? Ina tsoron kada a tambaye mu." Girma bai zube ba, gyara kuma ya isa. Yana da kyau rukuni ya faɗa da baki tun zaman farko cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma babba ya fara neman a duba nasa. Babu laifi a yi tsokacin da Hausa, ko a gauraya da Twi ko Ga yadda aka saba magana, ko da maƙalar da Turanci ake rubuta ta. Mutum ya fi gano inda tunani ya karkace a harshen da yake tunani da shi. Madannan Gboard suna da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, ga mai son rubuta su daidai. Idan an gama da tsokaci a danna alamar an warware, zai ɓuya daga gefe amma yana nan a ajiye.

Sai tarihin gyare-gyare, wanda ake samu a ƙarƙashin File, ko da Ctrl+Alt+Shift+H. Yana nuna takardar yadda take a ranaku da sa'o'in da suka wuce, da rubutun kowa a launinsa, kuma ana iya mayar da ita yadda take jiya idan wani ya goge shafi bisa kuskure. Ana iya raɗa wa mataki suna, kuma muna ba da shawarar a yi haka sau uku: daftarin farko, bayan tsokaci, da wanda aka miƙa. Wannan shi ne maganin tsohuwar cutar aikin rukuni, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, inda biyu ke wahala huɗu su ci maki. Masu izinin gyara ne kaɗai ke iya buɗe tarihin, shi ya sa muka ce a ba malami wannan izinin. Idan mai kallo ne kawai, takardar ƙarshe zai gani, ba zai ga hanyar da aka bi ba.

Sai dai malami ya yi hattara, domin tarihin shaida ne mai gajeren gani. Yatsun da suka buga kawai yake gani. Ɗalibar da ba ta da laftof, ta rubuta ɓangarenta a littafi cikin trotro, motar haya, tsakanin Madina da Legon, ta tura wa ƙawarta hotonsa ta buga mata, tarihi zai ba ƙawar ladan duka. Wanda ya kawo hujjar da ta ceci maƙalar a zaman baki, bai buga ko harafi ba, ba ya ciki. Haka kuma idan kalma ɗari shida suka faɗo cikin minti ɗaya, yana iya zama an kwaso su daga intanet ko daga manhajar ƙirƙirarriyar basira, yana kuma iya zama mutum ya rubuta a wani wuri saboda rashin data sannan ya manna. Dalili ne na a kira ɗalibi a tambaye shi ya bayyana sakin layinsa, bai kai hujjar yanke hukunci ba. Abin da ke cike giɓin shi ne kowane ɗalibi ya haɗa da bayani na rabin shafi: me na rubuta, wane tsokaci na bayar, wane na karɓa ya canza min rubutu. Ga 'yan rukuni kuma, duk wanda ya manna abu daga waje ya sa tsokaci a kansa nan take ya faɗi tushensa. Idan manhajar gano satar rubutu irin Turnitin ta kama sakin layi ɗaya, sunayen mutum huɗu ne a bangon takardar.

Wani abu da ke kashe tarihin ba tare da an sani ba: yin kwafin takardar, ko sauke ta a matsayin fayil ɗin Word a gyara a sake ɗorawa. Sabuwar takarda ba ta gadon tarihin tsohuwa. A zauna a takarda ɗaya daga farko har ƙarshe. Tun 2024 ana iya buɗe shafuka daban-daban a cikin takarda guda ta gefen hagu, don haka bayanan bincike da jadawalin aiki da daftari duk za su zauna a gida ɗaya.

Inda manhajar ta gaza a fili shi ne waya, kuma waya ce abin da yawancin ɗalibanmu ke da shi. Karanta tsokaci da amsa shi yana tafiya lafiya. Buga sakin layi biyu ma ba laifi. Amma ɗaga sakin layi daga shafi na huɗu zuwa na biyu da ɗan yatsa azaba ce, kuma ƙaramin allo ba ya barin mutum ya ga ginin maƙalar gaba ɗaya, alhali gyaran gini shi ne babban abin da ake son a koya. Kayan tsara manazarta, masu bin tsarin APA da MLA da Chicago, aikin kwamfuta ne. Rukunin da babu laftof ko ɗaya a cikinsa ya tanadi zama biyu a ɗakin kwamfuta na makaranta ko a kafe, kuma duk wanda ya shiga asusunsa a kwamfutar haya ya tabbata ya fita kafin ya tashi.

Dumso, wato ɗauke wutar lantarki, da yankewar sabis su ne na biyu. Ana iya aiki ba intanet, amma sai an shirya tun akwai shi: a waya a buɗe ɗigo uku na gefen sunan takardar a kunna ajiye ta a kan wayar, a kwamfuta kuma a kunna wannan a saitin Google Drive ta burauzar Chrome. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka rubuta zai haɗe da na sauran idan sabis ya dawo, kuma a nan ake samun kwamacala idan mutum biyu sun taɓa sakin layi ɗaya ba su ga juna ba. Wanda ba ya kan intanet ya tsaya a ɓangarensa.

Na uku ba kowa ya san shi ba. Asusun kyauta gigabait 15 ne, kuma Gmail da Drive da hotuna duk daga ciki suke ci. Daga 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma ta shiga lissafin. Wanda wayarsa ke cike da bidiyon biki da wa'azi yana iya cika ma'ajinsa bai sani ba, kuma idan ma'ajin mai takardar ya cika, gyara na iya tsayawa ga kowa da kowa. Saboda haka mai buɗe takardar ya zama wanda ke da fili a asusunsa, ba lallai shugaban rukuni ba. Shi ne kuma mai ikon share ta, kuma abin da ya shiga kwandon shara kwana 30 yake yi kafin ya tafi gaba ɗaya.

Kafin a miƙa akwai ƙananan abubuwa masu cin maki. Sabuwar takarda tana zuwa da rubutun Arial mai girman 11 da tazarar layi 1.15, alhali malamai da yawa Times New Roman 12 suke nema da tazara biyu. Girman takarda sau da yawa na Amurka ne, mu kuwa A4 muke bugawa, sai a canza a saitin shafi, in ba haka ba mai firinta zai fito da gefuna a karkace. A mayar da harshen takardar Turancin Ingila, don kada ta riƙa ja wa rubutun da aka koya mana tun firamare jan layi. Ctrl+Shift+C na ƙirga kalmomi. A sauke a matsayin PDF idan za a buga, domin shafuka kan motsa idan aka buɗe fayil ɗin a wata manhaja.

Microsoft Word ta intanet tana yin kusan duk wannan, kuma ta fi ƙarfi wajen tsara dogon aiki irin kundin kammala digiri, sai dai ma'ajinta na kyauta gigabait 5 ne kuma tana bukatar wani asusu dabam. Ga maƙalar shafi biyar zuwa goma tsakanin mutum uku ko huɗu, Google Docs ta fi saurin shiga hannu. Fiye da mutum biyar kuwa, kowace manhaja aka ɗauka, wani zai ɓuya a bayan wani.

Abin da ba ta iya yi shi ne ta sa mutane su yarda a kan abin da suke son cewa. Wannan sai an zauna, ko a ƙarƙashin bishiya a Legon bayan lacca, ko ta kiran murya bayan sallar isha'i saboda matan aure da masu aiki da rana. Ga maƙala mai kalma 1,500 da aka ba mako biyu, zaman farko na minti 45 ya ƙare da jimla guda a saman takardar wadda kowa ya amince ita ce matsayar rukuni, da kanun ɓangarori a ƙasanta, kowanne da sunan mai shi. Kwana huɗu na rubuta daftari, kwana biyu na tsokacin nan uku, kwana uku kowa ya sake nasa. Daga nan zama na biyu, inda mutum ɗaya zai karanta maƙalar da ƙarfi daga farko har ƙarshe, sauran suna bi a allo suna sa alama duk inda harshensa ya sarƙe ko murya ta canza. Kunne na kama ɗinkin da ido ya tsallake. Sai a sauran kwanakin a zo kan nahawu da waƙafi da manazarta, kuma a ba wannan aikin ga wanda bai yi shi a aikin da ya gabata ba, a bar kwana ɗaya cur a ƙarshe saboda wuta.